Buntun shinkafa zai iya cire gubar ruwan masana'anta? Amsa ga wani mai lambu a Kumbotso

Wani bawan Allah mai noman rani a bakin kogin Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, ya aiko da tambaya. Ya ce ruwan da yake ja da inji yana ba alayyafo da latas ɗinsa yakan zo wata rana shuɗi-shuɗi, ga wari, musamman in kamfanonin jima sun saki nasu. Ya ji an ce masana sun gano buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa suna tsotse gubar ƙarfe daga ruwa idan aka jiƙa su da wani sinadari. Shi ne yake tambaya ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne, ko zai iya cika buhuna da buntu ya jera a hanyar ruwansa.

Malam, Allah ya yi wa nema albarka. Abin da ka ji gaskiya ne, na gwada shi da hannuna ba sau ɗaya ba. Amma jera buhuna a hanyar ruwa ba zai fisshe ka ba, kuma ina so in nuna maka dalili da lissafi, don kada ka kashe kuɗi ka kwanta da zaton ka tsira. Mazaunin wannan dabara yana can cikin kamfani, kafin ruwan ya fito ya haɗu da kogi.

Bari mu fara da abin da ke cikin ruwan. Majeman gargajiya na cikin birni da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni. Kamfanonin Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa galibi da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam suke yi, saboda ya fi sauri, fatar ma ta fi jure zafi da ruwa. Shi ne yake ba fata launin shuɗin nan da ma'aikata suka sani. Fata ba ta shanye shi duka. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 take kamawa a jimar da aka saba, saura ya bi ruwa. Na Sharaɗa ya bi rafin Salanta ya faɗa Challawa, na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. Banda kuromiyam akwai wasu ƙarafan, wato dalma da kadmiyam da tagulla da tutiya, daga masu fasa tsohon batir, masu fenti, masu rini da masu wanke ƙarfe.

Abin da ya raba waɗannan da sauran ƙazanta shi ne ba sa ruɓewa. Kashin dabba da jini da kitse, in an ba su lokaci, ƙananan halittun da ido ba ya gani za su cinye su. Dalma kuwa dalma ce har abada. Tafasa ruwa ba ya kashe ta, rana ba ta ƙone ta, sai dai ta tashi daga ruwa ta koma laka, daga laka ta koma ganye, daga ganye ta koma ƙoda da ƙashin ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a litar ruwan sha, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05. A ruwan ban-ruwa, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa iyakar kuromiyam a 0.1, kadmiyam a 0.01. Miligiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na giram, ka ga ke nan ruwa yana iya zama garau a ido alhali ya ninka iyakar sau goma.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin dalma ba, bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ko da yake can ta ƙurar dutsen zinariya ta shiga gidaje. Wanda ya fi kama da halinka shi ne na lardin Toyama a Japan. Wata mahaƙar ma'adinai ta yi shekaru tana zuba kadmiyam a kogin Jinzu, manoma suna ban-ruwan shinkafa da shi. Ƙodar mutane ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi yana karyewa, musamman mata da suka manyanta. Sai a 1968 gwamnatinsu ta amince cewa kadmiyam ne sanadi. Babu wanda ya faɗi rana ɗaya. A hankali abin ya taru a cikin tukunya.

To me buntu yake yi? Jikin kowane tsiro, daga zaren rama da ake tufka igiya da shi zuwa totuwar masara da tuƙar rake, an gina shi ne da abubuwa uku: selulos, wanda shi ne ainihin zaren, da hemiselulos, da lignin mai kama da ƙaro da ke liƙe su. Buntun shinkafa yana da ƙarin silika, wato sinadarin yashi, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100, shi ya sa yake da kaushi, ba ya saurin ruɓewa a ruwa. Selulos doguwar sarƙa ce ta sukari, kowace gaɓa da ƙananan hannuwa uku. Su kuma dalma da kadmiyam da tagulla, in sun narke a ruwa, suna yawo ne ɗauke da cajin lantarki, suna neman abin da ke da kishiyar cajinsu su manne. Hannuwan da Allah ya halicci selulos da su suna kamawa, amma riƙon sakainar kashi suke yi, kuma akasarinsu a rufe suke cikin lignin. Ga wata matsala: ɗanyen buntu ko ɓawo in ya jiƙu yakan saki nasa launi da sukari, sai ruwan ya koma kamar shayi, ya fara tsami. An rage wata ƙazanta an ƙara wata.

Gyara zaren da sinadari abu biyu ake nufi da shi: a buɗe shi, sannan a dasa masa hannuwa masu ƙarfi.

Buɗewar da soda ake yi, irin wadda mata masu haɗa sabulu ke saya. Giram 4 a litar ruwa ya isa. A jiƙa buntun da aka wanke aka bushe, a riƙa juyawa kamar awa ɗaya. Na tuna ranar da na fara yi: kafin minti goma ruwan ya yi ja wur kamar jiƙon bagaruwa, buntun da yake tsaye ƙyam ya yi laushi ya kumbura a ƙarƙashin cokali. Wancan jan ruwan kitse ne da wani ɓangare na lignin da hemiselulos suka fita, ƙofofin zaren suka buɗe. Sai a yi ta ɗauraya har santsin soda ya bar hannu.

Dasawar kuwa hanyoyinta suna da yawa, amma wadda na fi yarda da ita ga ƙasarmu ita ce ta asid ɗin lemon tsami, farin garin nan mai kama da sukari da masu zoɓo da alewa ke amfani da shi. Masu bincike na ma'aikatar aikin gona ta Amurka a birnin New Orleans ne suka fito da ita sosai a 1999, da ɓawon waken suya. Ana narka wajen giram 115 a litar ruwa, a jiƙa zaren, a busar da shi a ɗan ɗumi, sannan a gasa shi a zafin digiri 120 na tsawon minti 90. Sirrin yana wurin gashin nan. Kowace ƙwayar wannan asid tana da ƙugiya uku. Zafi yana korar ruwa, ƙugiya ɗaya ta ɗaure da jikin selulos ɗaurin da wanki ba ya kwancewa, biyu su rage a sake suna jiran ƙarfe. A gwajin nasu, ɓawon da aka gyara ya kama tagulla fiye da ninki 7 na ɗanyensa. In zafin bai kai ba, asid ɗin zai wanke ya tafi. In ya wuce, ragowar ƙugiyoyin ma su ɗaure da zaren, ka tashi da ƙonannen abu marar amfani. Wannan ba aikin murhu ba ne, sai tanda mai ma'aunin zafi.

Idan aka dace, abin gwanin kallo ne. Ka zuba cokali ɗaya na gyararren zaren rama a kwalbar ruwan tagulla mai shuɗi, ka girgiza. Kafin rabin awa ruwan ya dushe, zaren da yake ruwan ƙasa ya koma kore-kore. Da idonka za ka ga inda gubar ta koma.

Akwai masu dasa wasu ƙugiyoyin. A Burazil, inda tuƙar rake ta yi musu yawa, an yi aiki mai kyau da sinadaran da ke riƙe ƙarfe ta ɓangarori da dama lokaci guda, har giram ɗaya na zare ya kama dalma fiye da miligiram 100. Masu farautar zaiba sukan dasa ƙugiya mai farar wuta, domin zaiba ba ta da masoyi kamarta, sai dai sinadarin da ake yawan yin wannan da shi guba ne mai kama wuta, ba na ba kowa shawarar taɓa shi a wajen ɗakin gwaje-gwaje. Asenik kuma, wata gubar ta daban, sai an lulluɓe zaren da tsatsar ƙarfe. Kowace guba da irin tarkonta, babu zare ɗaya da ke kama duka.

Kuromiyam ma fuska biyu gare shi, kuma a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Mai caji uku shi ne na jima, shuɗi-kore, gubarsa da sauƙi, yana kamuwa da ƙugiyar lemon tsami. Mai caji shida, ruwan ɗorawa, wanda masu shafe ƙarfe da ƙyalli ke amfani da shi, shi ne mugun: yana jawo ciwon daji, yana cin fata da hanci. Shi a ruwa cajinsa irin na ƙugiyar ne, don haka ture juna suke yi. Ba ya kamuwa sai an tsamama ruwan ƙwarai, ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya sauka wajen 2, inda zaren zai juya shi ya koma mai caji uku. Dalma da kadmiyam kuwa a pH tsakanin 4.5 da 6 suka fi kamuwa. Ƙasa da 3 zaren sakinsu yake yi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga lissafin da na yi maka alkawari. Ruwan da ke fita daga gangar jima kai tsaye yakan ɗauki kuromiyam miligiram dubbai a lita. Mu ɗauka 3,000 ne. Lita 1,000 ke nan tana da kilo 3. Mu ce gyararren buntunmu yana kama miligiram 30 a kowane giram, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Sai an zuba kilo 100 kafin a tace wannan lita dubu ɗin kaɗai, kamfani kuwa yana zubar da ninkin haka da yawa a yini. Duk wanda ya ce maka da buntu zai tare wannan, bai yi lissafi ba.

Abin da ya kamata kamfani ya yi an daɗe da saninsa, kuma ba shi da tsada. A ware ruwan gangar kuromiyam daban, kada a gauraya shi da na wanki da na cire gashi. A zuba masa laim ko magnesiya, sinadarai masu kashe tsami, har pH ya kai 8 zuwa 9, kuromiyam zai dunƙule ya kwanta a ƙasa kamar ƙullun koko. A tsiyaye na sama, a narka na ƙasan da asid, a mayar da shi ganga a sake jima da shi. Kuɗin mai kamfani ne yake bin kwata in bai yi haka ba. Bayan nan ruwan zai rage da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ido, mu ce miligiram 5 a lita, amma har yanzu ya ninka iyakar ban-ruwa sau 50. To a nan ne zare ke da rana. Lita 1,000 yanzu giram 5 kacal take ɗauke da shi. A takarda, buntun da bai kai giram 200 ba ya isa. Ko an ninka shi sau goma saboda halin ruwan gaske, kilo 2 ne. Ka kwatanta kilo 2 da kilo 100. Zare matacin ƙarshe ne, kamar yadda uwargida ke fara tsince tsakuwa da rairaya kafin ta kawo rariyar laushi.

Na ce halin ruwan gaske, domin a nan na sha wuya. Yawancin alƙaluman da ake bugawa, har da na ɗalibanmu a jami'o'in Kano da Zariya, an samo su ne da tsabtataccen ruwa da aka narka ƙarfe ɗaya tak a ciki. Akwai lokacin da na cika bututun gilashi da zaren da ya yi mini abin mamaki a irin wannan ruwa, na kawo jarka ɗaya daga magudanar wani kamfanin jima na ɗora. Kafin la'asar saman bututun ya toshe da kitse da ɓurɓushin gashi, ruwan ya tsaga wa kansa hanya ta gefe yana wucewa ba tare da ya taɓa zaren ba. Da na tace na sake gwadawa, abin da ya kama bai kai rabin na da ba. Gishirin da ake adana fata da shi ya cika ruwan, ga kalsiyam na laim, duk suna rububin ƙugiyoyin. Wani kuromiyam ɗin kuma ya riga ya ɗaure da narkakken naman fata, ba ya ko kallon zaren. Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya kawo mini sakamako, tambayata ta farko ita ce daga wace kwata ya ɗebo ruwan.

Mu dawo lambunka. Zare yana bukatar ruwa ya ratsa shi a hankali, ya zauna da shi mintuna da dama. Injin ban-ruwa mai bakin inci 3 yana iya tura lita 1,000 a minti ɗaya. Ko da ka cika durom mai lita 200 da gyararren buntu, ruwan zai wuce cikinsa a daƙiƙa 12, ko ƙasa da haka. Buhun da aka jefa a hanyar ruwa ya fi wannan muni, don ruwa kewaye shi zai yi, kuma laka za ta shafe bakinsa a yini ɗaya. Sannan ba ka da hanyar sanin ranar da ya ƙoshi. Zare in ya cika ba ya ƙara kamawa, in ruwa mai tsami ya biyo ta kansa ma sai ya amayar da abin da ya tara gaba ɗaya. Bugu da ƙari ba ya cire gishiri, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya kuma taɓa abin da ya riga ya taru a ƙasar gonarka shekara da shekaru.

Abin da ya fi damuna, wanda ba kasafai ake faɗa ba, shi ne makomar zaren bayan ya gama aiki. Gubar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Buntun da ya sha dalma ya zama guba shi kansa, ya ma fi ruwan haɗari tunda a dunƙule take. Mu kuwa mun saba buntu ba ya zama shara: a shimfiɗa wa kaji, a zuba a gona, a cusa a murhu. Ko ɗaya kada a yi da wannan. In an zuba a gona, ya ruɓe ya saki abin da ya kama a gindin shuka. In an ƙone, zaiba da kadmiyam da wani kaso na dalma su bi hayaƙi, mai girki da goyonta su shaƙa. Kuromiyam mai caji uku kuma, in ya haɗu da wuta da iska da toka, yana iya rikiɗa ya koma mai caji shida. An gudu ba a tsira ba ke nan. Hanyar da ta dace ita ce a yi amfani da halin nan nasa na saki a cikin tsami: a wanke shi da ɗan ruwan asid kaɗan, gubar lita dubbai ta taru a 'yan litoci, a kwantar da ita da laim, zaren kuma a mayar da shi aiki. Yakan jure zagaye da dama kafin ƙarfinsa ya ragu. Daga ƙarshe a daskarar da ragowar cikin siminti, a binne a ramin da aka shafe don kada ya tsiyaya. Wannan aikin kamfani ne mai ma'aikaci da safar hannu da tabarau, ƙarƙashin idon hukuma. Soda kaɗai tana iya makanta mutum in ta fantsama.

Me ya rage a hannunka? Da farko ka san abin da kake fama da shi. Ku haɗu ku masu lambu a layinku, ku ɗebi ruwa a sabuwar gorar roba ranar da ya canza launi da ranar da yake garau, ku haɗa da ƙasar kwami daga wurare uku ko huɗu da ɗaurin alayyafo, ku kai sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero ko cibiyar binciken fata da ke Samaru a Zariya. Ku ce a auna kuromiyam da dalma da kadmiyam, a ba ku a rubuce. Ruwa ba ya tsami banza, kuma takarda mai lamba ita ce NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha ba za su iya kawar da kai daga gare ta ba. Ku riƙa rubuta rana da lokacin da ruwan ke sauyawa.

Kafin sakamako ya fito, ranar da ka ga shuɗin nan ko ka ji warin, ka kashe inji. Kada ka bar bakin tiyo ya kwanta a laka, ka ɗaure shi da jarka ya yi iyo a sama, domin kaso mai yawa na ƙarfen a manne yake da laka da dattin da ke yawo. Saboda wannan dalilin, in kana da fili, ka haƙa ɗan tafki ka tara ruwa ya kwana kafin ka ba shuka. Lakar da za ta kwanta a ciki kuma, komai baƙinta da kamar taki, kada ta hau kwami. In hali ya yi, rijiyar fadama da aka haƙa nesa da bakin kogi ta fi ruwan kogin kai tsaye, amma ita ma a auna ta. Idan awo ya nuna ƙasar ta riga ta sha kadmiyam, masu ganye irin alayyafo da latas su suka fi kwasarsa su kai wa mai ci. Masara da tumatir ba sa kai shi cikin 'ya'yansu kamar haka. Kwamin da ya fi kusa da inda ruwa ke shigowa shi ya fi tara guba, don haka daga shi za ka fara canza shuka.